Maki Ɗarin Oga Ajibade

Tun ranar da Ajibade ya dawo daga Bangalore ta ƙasar Indiya ba wanda ya ƙara shan ruwa da daɗi a ofishin nan na Yaba, cikin Legas. Kwas kamfani ya tura shi, kuma cikinsa bai gama sabawa da yajin can ba aka sallame su, amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse a can aka binne cibiyarsa. In janareto ya tsaya, sai ya girgiza kai ya ce, "Mu a Bangalore ba ma haka." In shayi ya huce, Bangalore. Ya dawo da kwat mai ruwan toka da ba ya tuɓewa ko da zafi zai kashe shi, da wata 'yar sanda mai fitar da jan haske, wadda yake nuna komai da ita, har hanyar banɗaki.

Kamfanin na Madam Ibironke ne, kuma manhajoji uku ke ci da shi. Akwai ta sayar da kujerun manyan motocin Cif Okoroafor masu tashi daga Jibowu, akwai ta wata makaranta mai aika wa iyaye sakamakon jarrabawa, sai kuma uwa uba ta Alhaja Sikiratu, mai gidajen sayar da amala, tuwon garin doya, daga Ebute Metta har Ikeja, wadda mutane ke odar abinci da ita a kai musu har ƙofa.

Wata Litinin Madam ta shigo taro ta jefa wayarta kan tebur.

"Duk wanda na tambaya a cikinku sai ya ce min komai lafiya. To in komai lafiya, wa ke sa wayar nan kuka tun asuba?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Ajibade ya miƙe, ya gyara kwat.

"Ma, laifinki ɗaya, mutane kike tambaya. Mutum ƙarya gare shi. Lamba kuwa ba ta san ƙarya ba. Ki ba ni dama in auna miki ingancin kowace manhaja, in ba ta maki daga ɗaya zuwa ɗari. Kina shigowa da safe ki ɗaga kai. Kore, ki je ki sha shayinki. Ja, ki san wuyan wanda za ki kama."

Sunkanmi, shugaban masu rubuta manhajar, wani dogo mai son dariya da cin nama, ya ce, "Oga, da me za ka auna? Da mudu ko da sikeli?"

"Da ilmi, Sunkanmi. Abin da ba a sayarwa a kasuwar Tejuosho."

Madam ta gaji da kukan waya, ta ce ya je ya yi.

Allon talabijin da Ajibade ya sayo don nuna makin ya fi ƙofar bene faɗi. Aka juya shi ta tsaye, ya ƙi. Aka kwantar da shi, ya ƙi. Ƙarshe sai da aka cire taga aka ɗaure shi da igiya, ƙarti suna ja daga sama, Ajibade na ƙasa cikin kwat yana ba da umarni da 'yar sandarsa. Kan ka ce me, titi ya cika. Wani kwandastan danfo, bas ɗin haya, ya leƙo yana ihu, "Oga, gidan kallon ƙwallo za ku buɗe? Ku ajiye min benci!" Matar da ke gasa ayaba a bakin kwalbati ta bar wutarta ta zo tana cewa a yi hagu, Ajibade na cewa a yi dama, allon na lilo yana neman kan mutane. Da ƙyar ya shige. Aka kafa shi a bango, ya toshe rabin tagar, zafin ofis ya ninku.

Dokar farko mai sauƙi ce. Duk kuskuren da masu gwaji suka gano a manhaja suka shigar, maki ya ragu. Wanda allonsa ya kwana ja ranar Juma'a, ya zo aiki Asabar.

"Asabar?" in ji Sunkanmi. "Oga, na ɗinka ankon biki har na wata mai zuwa!"

"Sai ka sa ankon ka zo ka zauna gaban kwamfuta."

Ranar farko duka ukun suka yi jajawur. Kafin Juma'a duka ukun sun yi kore shar, kamar gonar alayyafo. Ajibade ya riƙa tsayar da duk wanda ya shigo, har mai kawo ruwan gora, yana nuna masa da sanda.

Abin da bai sani ba, kuskure bai ragu ba, suna aka sake masa. Obiageli, shugabar masu gwaji, mace mai ƙaramin jiki da babbar murya, ta zo kan Sunkanmi da kwamfuta a hannu.

"Buroda Sunkanmi, manhajar motoci tana sayar wa mutum biyu kujera ɗaya. Zan shigar da shi."

"Ki shigar da shi a matsayin me?"

"Kuskure mana!"

"Haba Anti. Kuskure shi ne mutum ya biya bai samu kujera ba. Waɗannan duka sun samu. Kujerar ce dai ɗaya."

"To in kira shi me?"

"Ki rubuta shawara. Ko ke ma kina sha'awar zuwa Asabar? Na ji an ce ƙanwarki ke aure."

Obiageli ta yi tsaki, ta rubuta shawara.

Ba a jima ba Cif Okoroafor ya kira Madam daga tasha, ya ɗaga wayar sama don ta ji da kunnenta. Wani fasto da wata mai sayar da busasshen kifi ne ke rigima kan kujerar bakin taga, kowa da shaidar biyansa a waya, faston na kiran wuta daga sama, mai kifin na cewa ta sauko ta same ta a kan kujerarta.

Madam ta fito ta tsaya gaban allo. "Ajibade, wannan koren na mene ne?"

Ajibade bai ko ƙifta ido ba. "Na san za a yi haka, Ma. Gwada su nake. Wannan mataki na ɗaya ne. Yanzu za mu shiga na biyu."

Mataki na biyu ya juya dokar. Yanzu yawan kuskuren da aka gano aka gyara shi ne maki. Kuma don ƙarfafa gwiwa, duk kuskure ɗaya, wanda ya gano da wanda ya gyara kowa na da farantin amala da naman akuya, kamfani zai biya.

Sunkanmi da Obiageli, waɗanda a da ko gaisuwa sai da harara, suka zama kamar 'yan uwa ɗaya. Da safe Sunkanmi zai dasa kuskure a lungun da ya sani, ya wuce ta bayan kujerarta yana tari, ya ce, "Anti, yau kam jikina na ba ni shafin biyan kuɗi ba lafiya." Kafin azahar ta gano, kafin la'asar ya gyara, su zauna su naɗe hannun riga. Sauran ma'aikata suka koya. Ofis ya koma warin miyar ewedu, wato miyar lalo. Obiageli ta yi kumatu. Maki ya riƙa hawa, Ajibade na yawo tsakanin tebura yana cewa, "Kun gani? Kun ga abin da ilmi ke yi?"

Sai ranar da Sunkanmi ya dasa da yawa, ya ƙoshi, ya manta da ɗaya a manhajar makaranta. A ranar aka aika sakamakon ƙarshen zango. Kowane uba da kowace uwa suka samu saƙo cewa ɗansu ne ya zo na ɗaya a aji.

An yanka kaji a Surulere a yammacin nan. Wani uba ya ɗauki ɗansa a kafaɗa ya zagaya layi, yaron da ko sunansa bai gama iya rubutawa ba. Washegari iyaye suka haɗu a ƙofar makaranta, kowa na taku ɗai-ɗai yana jiran a yi masa barka. Wata ta ce, "Nawa ne ya zo na ɗaya." Ta kusa da ita ta ce, "Wane naki? Ga shi nan a wayata." Na uku ya fito da tasa. Shugabar makarantar, Misis Etim, ta kulle kanta a ofis, ta kira Madam tana raɗa kamar wadda 'yan fashi suka ritsa.

"Ajibade!" Muryar Madam har ƙasan bene.

"Ma, ki kwantar da hankali. Ai shi ya sa aka yi mataki na uku. Na bar masu rubutawa, na bar masu gwaji, duk bakinsu ɗaya. Yanzu muryar jama'a zan auna. Duk ƙorafin da kwastoma ya aiko ta cikin manhaja, maki ya sauka. Wannan ba wanda zai iya yi masa wayo."

Gaskiyarsa, ba wanda ya iya. Ta motoci ta tsaya a ruwan ɗorawa, ta makaranta ma haka da hutu ya zo. Amma ta Alhaja ta yi wani irin ja kamar an zuba manja. Mutumin Legas da yunwa ba ya rasa abin faɗi. Nama ya yi ƙanƙanta. Yaji ya yi yawa. Yaji bai ji ba. Ɗan babur mai kai oda ya maƙale a gadar Third Mainland. Wani ma ya rubuto cewa matarsa ta ce tun da ya fara oda ya daina cin girkinta.

Sunkanmi ya ce, "Oga, wannan ai ba laifin manhaja ba ne. Ni na yanka naman?"

"Lamba ba ta tambayi wanda ya yanka ba."

Ana haka Madam ta kira Ajibade ofishinta ta rufe ƙofa. Kwangilolin uku duk sun zo sabuntawa, kuma saboda yawan cika bakinsa labarin allon ya kai kunnen masu su. Ta gayyace su ranar Alhamis da rana su gani da idonsu.

"Ka saurare ni da kyau. Rabin albashin gidan nan daga tukunyar Alhaja yake fitowa. In matar nan ta ɗaga kai ta ga ja a ƙarƙashin sunanta, ni da kai da allonka duk titi za mu koma."

"Ma, ki bar min. Ranar Alhamis za ki yi alfahari da ni."

Ranar Alhamis da hantsi allon na nan ja. Ajibade ya tsaya yana kallonsa, gumi na bin cikin kwat. Sai dabara ta faɗo masa. Ƙorafi ta ƙofa yake shigowa. In an rufe ƙofar na ɗan lokaci, har baƙi su ci su tafi, wa aka cuta? Bai gaya wa kowa ba, don kada a raba ladan da shi. Rabonsa da taɓa cikin manhaja tun kafin ya fara ajiye tumbi, amma ya zauna ya shiga wurin da ake sarrafa ta Alhaja. Ya tarar da maɓallai biyu a jere, kusan kamarsu ɗaya. Ya dube su kamar mai zaɓen kankana, ya danna na hagu. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata.

"Ji min rainin hankali," in ji shi. "Ni za ki tambaya?" Ya sake dannawa.

Kafin ya gama gyara wuyan riga, ja ya koma ruwan ɗorawa. Can sai kore. Makin ya riƙa hawa kamar farashin shinkafa. Sunkanmi ya wuce da kofin shayi, ya tsaya, ya karkata kai.

"Oga, mutanen Legas sun tuba ne?"

"Sun ji labarina ne. Je ka sa hula, baƙi na hanya."

Cif ya zo da jar hularsa da sandarsa. Misis Etim ta zo tana waige-waige, har yanzu ba ta gama yarda da iyaye ba. Alhaja Sikiratu ta zo ƙarshe, cikin leshi mai nauyi, ɗaurin kanta sai da ta sunkuya kafin ya shige ƙofa, wayoyi uku a hannu. Mata suka durƙusa, maza suka rusuna. Ta zauna a gaba, ta ce, "To, ɗana, nuna min abin da aka hana ni barci da labarinsa."

Ajibade ya kunna jan haskensa. Ya yi bayanin Bangalore. Ya yi bayanin mataki uku, ya tsallake kajin Surulere. Ya nuna wa Cif makinsa, Cif ya ce hmm. Ya nuna wa Misis Etim nata, ta ce Allah dai ya kyauta. Sannan ya ja numfashi, ya juya ga Alhaja.

"Mama, ki ɗaga kai."

A daidai lokacin makin ya cika ɗari. Ashe Ajibade ya shirya wa wannan rana, duk manhajar da ta kai ɗari allon zai yi mata biki. Furanni suka riƙa zubowa a fuskar allon, lasifika ta fashe da kakaki da ganguna.

"Ɗari bisa ɗari!" Ajibade na ihu don a ji shi. "Tun hantsi ko mutum ɗaya bai yi ƙorafi ba! Ko a Bangalore ban taɓa ganin haka ba!"

Alhaja ta yamutsa fuska. "Ko ɗaya? A Legas? Har da mutumin nan na Ojuelegba da ke cewa ina yanka nama da reza?"

"Har shi, Mama."

Madam, da daɗi ya cika ta, ta ce, "Ajibade, yi mana odar abincin rana ta manhajar yanzu, baƙi su ga yadda take gudu."

Ya ciro waya yana murmushi, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani, ya danna. Wani ɗan zobe ya fara juyawa. Ya juya. Ya ƙara juyawa.

"Sabis ne," in ji Ajibade. Ya matsa bakin taga, ya miƙa hannu ta gefen allo. Zoben na nan yana juyi, kakaki na nan yana busa.

Cif ya gwada a tasa wayar. "Tawa ma rawa take."

Sai wayar Alhaja ta farko ta yi ƙara. Kafin ta ɗauka ta biyu ta kama, ta uku ta bi. Ta danna ɗaya ta sa a lasifika, don ita ba ta kara waya a kunne saboda ɗauri. Muryar mai kula da reshen Ikeja ta cika ɗakin.

"Alhaja! Mun shiga uku! Tun hantsi ko oda ɗaya ba ta shigo ba! Mun tuƙa amala tukunya-tukunya ta sandare, 'yan babur na barci a gindin bishiya, Ebute Metta ma sun ce haka!"

Alhaja ta ajiye wayar a cinya a hankali. Ta dubi furannin da ke zuba a kan sunanta.

"Ɗana, kashe min gangar nan."

Ajibade ya danna, ƙarar ta ƙaru. Ya sake dannawa, ta koma daga farko.

"Na ce, wannan ɗarin na mene ne? Ɗarin tukwanen da suka huce?"

"Mama, ba zai yiwu ba! Wannan aikin maƙiya ne! Ni da hannuna na yi, kuma ƙofar ƙorafi kaɗai na rufe. Maɓallin hagu, sau biyu, ban taɓa komai ba!"

Kakaki ya ci gaba da busa.

Sunkanmi ya cire hular da aka sa shi ya sa. "Oga, na hagu ka ce?"

"Na hagu mana."

"Na dama ne ƙorafi. Na hagu shi ne shagon gaba ɗaya."

Obiageli ta toshe baki, dariyar ta fito ta hanci. Cif ya buga sanda a ƙasa yana ƙyaƙyatawa har hularsa ta zame. Misis Etim ta ce, "Ashe ni da sauƙi, nawa kaji kawai aka yi asara." Madam kuwa ta zauna a kujerar da ba wanda ya ba ta, ta dafe kai.

Alhaja ta miƙe. "Wato ka rufe min shago da tsakar rana, ka kira ni, ka sa min ganga?"

"Mama, in aka duba ta fuskar lamba..."

"Rufe min baki, kafin in duba ka ta fuskar takalmi!"

Sunkanmi ya ruga ya buɗe shagon a manhaja. Duk masu yunwar da suka yini suna danna waya suka afko lokaci guda, kowa da zaginsa. Makin ya gangaro daga ɗari kamar an tura shi daga bene, ya wuce sifili, allon ya rasa abin da zai nuna, ya yi baƙi ƙirin. Sai a lokacin gangar ta yi shiru.

Madam ta durƙusa gaban Alhaja har gwiwa biyu, ma'aikata suka bi ta. An daɗe ana roƙo. Ƙarshe Alhaja ta gyara ɗauri ta ce ba za ta janye kwangila ba, saboda uwar Ibironke ƙawarta ce, amma da sharaɗi. Amalar da ta huce ba za ta kai wa kwastoma ba, kuma ba za ta zubar ba. A kawo ta nan. Wanda ya rufe shago shi zai sayar.

Da la'asar 'yan babur suka sauke kuloli a ƙofar bene. Aka ɗora wa Ajibade babban tire a ka, amala a ƙulle cikin leda ta yi tsauni, robar miya a tsakiya. Ya ce a bari ya tuɓe kwat, Alhaja ta ce da shi ya fi kyau. Ma'aikata suka cika rabin tagar da ta rage, suna leƙe.

Ya tsaya a bakin titi yana cewa "Amala" a hankali, kamar mai ba da sirri. Mai gasa ayaba ta ce, "Oga, ɗaga murya, ko in ara maka tawa?" Ya yi kamar bai ji ba.

Sai wata danfo ta tsaya a gabansa, wata tsohuwa ta sauko da jaka. Ta dube shi, ta gyara tabarau, ta sake dubawa. Surukarsa ce, uwar matarsa, wadda ta taso daga Abeokuta ba sanarwa, kuma wadda duk unguwarsu ta san mijin 'yarta babban darakta ne a Legas.

"Baba Tomiwa?" in ji ta, don da sunan jikanta take kiransa. "Kai ne?"

Ajibade ɗan gidan tarbiyya ne. Tun yana yaro bai taɓa ganin babba ya tsaya a tsaye ba, balle suruka. Jikinsa bai yi shawara da kansa ba. Ya zube ƙasa ya kwanta rub da ciki don gaisuwa irin ta Yarbawa, tiren ya yi gaba. Amala ta watse a kwalta tana gangarawa ƙarƙashin motoci, miyar ewedu ta bi bayan kwat tana yauƙi har ƙeya. Titi ya ɗauki ihu. Kwandasta ya daina kiran fasinja ya riƙe ciki.

Daga sama Sunkanmi ya leƙo da kai. "Oga! Alhaja ta ce a tambaye ka, yaya kasuwa?"

Ajibade ya ɗago daga kwance, miya na ɗiga daga kunnensa. Ya dubi tiren da ke juyi a bakin kwalbati, ya gyara murya.

"Ka gaya mata kaya sun ƙare. Ko ƙulli ɗaya bai rage a tire ba."